Wane fim zan ce wa 'yata ta kalla?

Daren jiya bayan sallar Isha'i na shigo gida na tarar da 'yata babba, mai shekara 14, ta duƙufa a kan wayar mamanta, ko sallamata ba ta amsa ba. Na leƙa, ashe fim ɗin Indiya ne da aka fassara da Hausa, wani gardi shi kaɗai yana jibgar mutum goma. Na ce ta kashe. Ta kashe kuwa, sai ta ɗago kai ta ce, "To Baba, wanne zan kalla?" Wallahi shiru na yi. Hani na iya, amsa kuma ban tanada ba.

Bari in tona wa kaina asiri. A 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya fina-finai a nan garinmu Ƙofa, a kan kuɗi naira biliyan 3, ina cikin waɗanda suka tayar da jijiyar wuya. Ɗan majalisarmu Abdulmumin Jibrin yana ta kare aikin, malamai suna ta suka a kan mumbari, mu kuma muna nan Facebook muna ƙara wa wuta makamashi. Ba a jima ba gwamnatin Buhari ta soke shi, na yi murna ƙwarai. Ƙanena, wanda ya ci burin koyon ɗaukar hoto a wajen, ya yi kwanaki ba ya shiga harkata. Da ya huce sai ya ce mini, "Yaya, kun hana gini, to ku hana waya shigowa mu gani." Yau yana Kano yana ɗaukar bidiyon biki.

Har gobe ba zan ce malamai ba su da hujja ba. Akwai shirme a Kannywood, akwai rawar da ba za ka iya kallo a gaban surukinka ba. Amma mu sai muka yi musu kuɗin goro, muka ce duk ɗaya ne. Ga shi fim ya shigo har ƙuryar ɗaki, kuma baƙo ne ya fi yawa. Shi ya sa na kwana ina lissafin waɗanda zan iya zama da iyalina mu kalla ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Na farko Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace zamanin bauta aka ƙetara Sahara da shi, ya girma ya zama babban malami, uwarsa kuma ta bi sawu tana nemansa. Wani abin kunya, fim ɗin ya yi shekaru a ajiye ba mai waiwayarsa, sai a Jamus aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Samunsa sai an sha wuya, don haka littafin zan fara ba ta.

Sai Sangaya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad. Na san wasu za su ce ai waƙa ce a ciki. E, akwai, amma labarin yarima da baiwa ne cikin shiga ta mutunci, kuma 'yan zamaninmu sun san yadda ya cika gari. Wanda ke son ganin fada da makircin cikin gidan sarauta kuwa, ya nemi Juyin Sarauta na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An yi ƙoƙari a tufafi da Hausar da ake yi a ciki, za ka ji kamar kakarka ce ke ba ka labari.

A masu dogon zango, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya gama mini komai. Almajirci, shaye-shaye, 'yan gudun hijira, rigimar Kamaye da Adama, duk abin da ke faruwa a unguwanninmu ne. Kwana Casa'in kuma ya fallasa yadda ake cinikin zaɓe da dukiyar talaka a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin zaɓe a Kiru ko Bebeji zai gane fuskokin da ke ciki. Labarina na Aminu Saira ma ya cancanci kallo, sai dai shi manya zan fi ba shawara.

Na ƙarshe Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024 a rukunin fina-finan ƙasashen waje. Fim ne na Hausa a kan rikicin gadon sarauta, Adam A. Zango yana ciki. Bai kai zagayen ƙarshe ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Istoniya, wata 'yar ƙasa a Turai da mutanenta ba su kai miliyan 1 da rabi ba, ta kai wannan zagaye a 2015 da wani fim mai suna Tangerines, wanda ta yi da haɗin gwiwar Jojiya. Birnin Kano kaɗai ya fi su jama'a. Labari ba mu rasa shi ba, jama'a. Wajen koyon sana'ar da kayan aiki ne suka yi mana ƙaranci, kuma ni da bakina na taya aka ƙi guda ɗaya a ƙofar gidanmu.

Da safe na kira ƙanena. Ban iya cewa ya yi haƙuri kai tsaye ba, kun san halinmu na yayye, sai na ce ya turo mana abin da ya samu daga cikin waɗannan. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ne yau?" Na ce ni ne.

Na gaya wa 'yata daren Juma'a tare za mu zauna, ni da ita da mamanta da ƙannenta. Inda aka yi daidai mu yaba, inda aka kauce in tsayar in yi bayani. Iyaye 'yan'uwana, wanda ya san wani fim mai ma'ana da na manta, don Allah ya tuna mini. Allah Ya shirya mana zuri'a.