Zamanin Kaset ɗin Sa'adu Bori a Garagumsa

Mu da muka tashi a ƙasar Garagumsa, kwaltar da ta ratsa Takieta ita ke kawo mana duniya. Mota ta fito daga Maradi za ta Damagaram, wata ta karkata ta Matamaye ta nufi Kano, kowace da irin kiɗanta. A teburin wani mai shayi na bakin tasha na fara jin muryar Sa'adu Bori, tana fita daga rikoda mai cin manyan batura.

Ɗan Maradi ne. Ya yi zama cikin Takeda, ƙungiyar da ta fito daga cibiyar horon mawaƙa ta CFPM a Yamai, tare da su Musa Fusi da Yakuba Mumuni. Amma taron bai ɓoye shi ba. Da Ibrahima Sylla, ɗan Senigal mai buga faifai, ya zo Yamai, Sa'adu da Musa ya ɗauka, aka fitar da faifan Niamey Twice a 1994, kowa da waƙoƙinsa, kowa da sunansa. Tun daga nan ba mu ƙara tambayar ƙungiya ba. Sai dai a ce wa mai kaset, "Akwai Sa'adu?"

Abin da ya kama mu, a ganina, shi ne jita da gangar Turawa sun yi Hausa a hannunsa. Kiɗan zamani ne sak, amma ƙarƙashinsa taken 'yan bori ne, irin wanda muke jiyowa da dare daga bayan gari. Dattawa kan taɓe baki, su ce wannan kiran iskoki ne. In aka sa waƙarsa "Dango" kuwa, sai ka ga ƙafar dattijon tana motsi ƙarƙashin benci.

Kaset ɗaya kan zaga unguwa har murya ta dushe. In rikoda ta tauna zare, a zaro shi a hankali, a naɗe da biro, inda ya tsinke a liƙe da jan farce. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana, don a samu ko waƙa biyu bayan isha'i.

Hatsarin mota ya ɗauke Sa'adu a 2008. Wanda duk ke da tsohon kaset ɗinsa a ƙasan akwati, don Allah ya adana shi. Allah ya jiƙan Sa'adu.