Masallacin Babban Gwani

Da hutun ƙarshen zango ya zo, muka yi ayari muka nufi birnin Zariya domin mu ga masallacin Juma'ar da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau gadon sarauta a 1834. Daga waje ba mu ga komai ba sai ginin siminti. Har wasunmu sun fara gunaguni, wai mun yi asarar kuɗin mota.

Sai da muka tuɓe takalma muka shiga, sannan bakinmu ya mutu. Ga ginshiƙan ƙasa masu kauri, ga bakan gizo ya tashi daga wannan ya sauka a kan wancan, duk da tubali da azara. Ashe a shekarun 1970 ne aka lulluɓe tsohon zauren sallar da sabon gini, ya zamana ruwan damina ba ya dukansa.

Ba mu raina wannan ƙoƙari ba, domin ba don shi ba, da wataƙila tsibin ƙasa za mu tarar. Amma fa ginin ƙasa ba rumfa kaɗai yake so ba. Hannu yake so: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bi tsaga a toshe, a sake yaɓe. A ayarinmu akwai jikokin magina har biyu. Da muka tambaye su yadda ake ɗaure azara ta zama baka, sai suka dubi juna, sannan suka ɗaga kai suna kallon rufi.