Jini bayan an cire tawadar Allah da leza

Tun da wuraren gyaran jiki na Abuja suka fara tallar cire tawadar Allah da hasken leza, ba na rasa mai shigowa shagona a nan Keffi da filasta a kumatu tana neman abin tsayar da jini. Yawanci amare ne, biki saura mako biyu. Idan kina cikinsu, 'yar'uwa, ko 'yarki ce, bari mu yi magana.

Ɗan jini ko ruwa-ruwa a kwana biyun farko ba abin tashin hankali ba ne. Wanke hannunki, ki danne wurin da bandeji mai tsabta minti 10 zuwa 15, idonki a kan agogo. Kada ki riƙa ɗagawa kina leƙe, duk ɗagawa tana tsinke daskarewar da jinin ya fara. Idan kin danne sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti, FMC Keffi ko wanda ya fi kusa. Don zafi ki sha farasitamol, domin aspirin da ibuprofen suna jinkirta daskarewar jini. Amma wadda likita ya ɗora a kan aspirin ko warfarin kada ta daina da kanta.

Ni abin da ya fi damuna shi ne abin da muke zubawa a miki. Sifirit, haidurojin, man goge baki, wata ma ta fasa kafso ta barbaɗa. Mafi yawansu sabuwar fatar da ke tohowa suke ƙonewa. Man bilicin mai clobetasol kuwa sirantar da fata yake yi, ya hana warkewa. Ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, ɗan basilin, sai filasta, sun isa. Ruwan alwala ba ya cutar da wurin, gurzawa ce matsala. Ɓawon kan faɗi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu; idan kika ɓamɓare shi don kwalliyar biki, baƙin tabo zai iya bin ki watanni, musamman in rana na dukansa. Ruwan miki mai wari, kumburi mai yaɗuwa ko zazzaɓi, likita suke nema.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Leza ƙone tawadar take yi, ba ta barin komai da za a kai ɗakin gwaji. Tawadar da ke jini tun ba a taɓa ta ba, ko take girma, ko canza launi, tana iya zama kansar fata. Baƙar fata ba ta kare mu gaba ɗaya ba: a jikinmu takan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Irinta ce ta yi ajalin Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa. Idan an riga an cire taki, mikin ya kai wata bai rufe ba ko baƙin ya dawo, kada ki koma a sake ƙonawa. Ki je wa likitan fata da hoton yadda take kafin a cire.