Digiri Huɗu a Bayan 'Yar Yayata

Tela ce ta fara lura. Ana saura mako biyu ƙaramar Sallah, 'yar yayata mai shekara 12 ta je gwada riga a wani shago a Krofrom, cikin Kumasi. Sau biyu telar tana gyara bakin rigar, amma gefe ɗaya bai daina rinjaya ba. Daga bisani ta ce wa yayata, "Hajiya, ba daga ɗinkina ba ne. Dubi kafaɗarta."

Da na zo hutu na tarar kowa a gidan da nasa bayani: wani ya ce jakar makaranta ce, wata ta ce doro ne zai fito. Muka kai ta Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Likita ya sa ta sunkuya kamar mai ruku'u, sai ga haƙarƙarin dama ya ɗara na hagu tudu. Ya ce ƙashin bayanta ne ya karkace zuwa gefe, cutar da likitoci ke kira sikoliyosis, kuma a mafi yawan yara ba a san sanadinta ba. Jaka dai ba ta da laifi.

Aka ɗauki hoton ƙashinta tana tsaye. A kan hoton, likita ya zaɓi gaɓar da ta fi jirkicewa a saman lanƙwasar, da takwararta a ƙasa, ya ja layi a kan kowace. Kusurwar da ke tsakanin layukan ita ce kusurwar Cobb, sunan likitan Amurka John Cobb, wanda ya bayyana wannan awo a 1948. Daga digiri 10 ake kiran abin cuta. Daga wajen 25, idan yaro bai gama girma ba, akan sa masa rigar roba mai tauri. Idan ta haura 45 zuwa 50, sai a fara batun tiyata. Tata ta nuna 24.

Bayan wata shida aka sake awo, ta nuna 28. Daren nan yayata ba ta runtsa ba. A lissafinta, nan da shekara uku 'yarta tana kan gadon tiyata. Ni ma da nake taƙama da boko, hankalina ya tashi. Likitan ne ya fahimtar da mu cewa ƙwararru biyu kan auna hoto guda su sami bambancin da ya kai digiri biyar, domin zaɓen gaɓa da jan layi aikin ido ne da hannu, kuma tsayuwar yaro ma tana sauya sakamako. Saboda haka digiri huɗu bai isa hujjar cewa lanƙwasar ta ƙaru ba.

Akwai kuma abin da hoton ba ya nunawa sosai. Ƙashin yana karkacewa, yana kuma murɗewa kamar igiya, wannan murɗiyar ce ke tura haƙarƙari baya. Hoto ɗaya kuwa tamkar inuwa ce a jikin bango. Shi ya sa a wasu manyan asibitocin duniya ake amfani da na'urar EOS, mai ɗaukar hoto ta gaba da ta gefe lokaci guda, sannan kwamfuta ta gina siffar ƙashin gaɓa bayan gaɓa, a juya ta ta kowace fuska. Duk da haka, hukuncin yana hannun likita.

Ba mu kai ga tiyata ba, amma na samu natsuwa da sanin cewa ana yin ta a Ghana. Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi, wanda ya shugabanci sashen wannan cuta a asibitin New York da Cobb ya taɓa aiki, ya buɗe asibitin FOCOS a Pantang, kusa da Accra, a 2012.

Ganin awon ya kewaye 25, ga shi kuma tana tsakiyar girma, likita ya ce a sa mata rigar robar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar farko ta yi kuka. "Kawu, kowa zai gane," in ji ta. Muka koma wurin telar nan, ta sake auna ta, ta ɗinka mata riguna masu ɗan yalwa a ƙugu. Awo na gaba sai bayan wata shida.