Daren da Na Ɓata a Dajin Zabori

Ranin 1985 ne, yunwar da ake kira El-Buhari tana kan ganiyarta. Daminar 1984 ba ta yi kyau ba, ga shi Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilun 1984. Mu mutanen Zabori, a ƙasar Gaya, hatsin da za mu ci yana tsallaken iyaka, cikin jihar Sakkwato ta wancan lokaci, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro jihar Kabi. Don haka dare ake bi da jakuna ta ɓarauniyar hanya.

Ina yaro matashi, kawuna ya tafi da ni. Muna dawowa kayan jakina suka zame. Na tsaya ɗaurewa, ayari ya yi gaba. Ina gamawa jakin ya fizge ya shige duhu. Hazo ya rufe sama, babu tauraro ko ɗaya.

Wanda bai san kwarin Dallol Mawuri da muke ratsawa ba zai ce ai giginya alama ce. Cikin dare kowace giginya ƙanwar 'yar'uwarta ce. Na yi ta tafiya, ina da tabbacin gida na nufa. Takalmina ya tsinke, ƙarangiya ta cika ƙafafuna, gorar ruwa kuma tana jikin jaki. Da gari ya waye na ga sawun mutum a rairayi, na bi shi da murna, can na lura da alamar tsinkakken takalmi. Sawuna ne. Nan gwiwata ta mutu. Na zauna gindin wata sabara, harshena ya bushe, addu'ar da Inna ta koya mini ma ta ƙi fita, sai sunan Yesu kawai nake maimaitawa.

Jakin kuwa ya isa gida da kansa, da buhun masara a bayansa. Baba bai jira komai ba. Mu 'yan tsirarun Kirista ne a garin, amma maƙwabtanmu Musulmi suka fito tare da shi, wani bafulatani da ya san sawu ya shige gaba.

Da la'asar na ji murya daga nesa tana kiran sunana. Na buɗe baki, sauti ya ƙi fita. Muryar ta yi nisa, ta sake dawowa, ta dishe ƙwarai. Sai ga Baba a kaina. Na ce, "Baba, jakin..." Ya ce, "Rabu da jaki, ɗana." Ya jiƙa gefen rawaninsa ya shafa mini a leɓe kafin ya bar ni na kurɓa. Mutumin da yunwa ta rame da shi, shi ya saɓa ni a kafaɗa har gida.

Bayan shekaru, a ƙarƙashin rumfar da muke sujada, wani mai bishara ya karanta mana Luka sura 15 daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, misalin makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya guda. Na sha jin wurin, amma ran nan jikina ya yi sanyi. A lokacin na yi nisa da Ubangiji, ina ganin da wayona zan gyara rayuwata, alhali sawun kaina nake bi. Na gane cewa Almasihu ne ya fito nema, kuma kafaɗarsa ce ta ɗauki nauyin. Na tashi a gaban jama'a na nemi a yi mini baftisma.

Masarar da jakin ya kawo kuwa ba mu ci ta mu kaɗai ba. Washegarin dawowata, ƙafafuna na naɗe da tsumma da man kaɗe, Inna ta kwance buhun ta auna wa gidan kowane mutumin da ya fita nemana. Rabon bafulatanin, Baba da kansa ya kai masa ruga.