Ruwan Ido a Kasuwar Manhaja

A watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake ba Windows 10. Sai na wayi gari tsohuwar kwamfutata, wadda nake tsara darussa da tambayoyin jarrabawa a cikinta, ba ta iya ɗaukar Windows 11, albashina kuma ba ya iya sayen sabuwa. Wani abokin aikina ya ce, "Malam, ai akwai babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta. Ka gwada Linux."

Da na bincika sai na tarar zuri'a ce guda. Linus Torvalds ne ya assasa tushenta a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya kuma yarda kowa ya ɗauka ya gyara. A kan wannan tushe aka gina Debian a 1993 da Fedora a 2003. Debian ta haifi Ubuntu a 2004, ita kuma ta haifi Linux Mint a 2006. Nan fa ruwan ido ya kama ni.

Fedora ta burge ni da sababbin abubuwa, amma kowane fitowarta kimanin wata 13 kawai ake kula da shi, ga yawan sabuntawa mai cinye kuɗin data. Ubuntu tana da nau'in da ake kula da shi shekara 5, sai dai fuskarta ta yi wa injina nauyi. Debian dattijuwa ce mai natsuwa, amma tana son wanda ya ɗan san hanya.

Garin wannan yawo ne na tafka kuskure. Na ɗora wata manhajar ba tare da na kwafe ajiyata ba, makin ɗalibai na zango guda ya shafe. Kwana uku na yi ina tattara shi daga takardun amsa. Sai daga baya na san ana iya gwada kowacce daga filas, ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba.

Daga nan na daina bin kyan fuska, na yi wa kaina tambayoyi uku. Shin injina zai ɗauke ta? Zan iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ? In na maƙale, akwai wanda zan tambaya a kusa? Linux Mint mai fuskar Xfce ta amsa duka: ba ta da nauyi, tana da tsarin madannai na Hausa, kuma ita abokin nawa yake amfani da ita.

Ya kai malamin gobe, in ka shiga wannan kasuwa, fara kwafe ajiyarka, sannan ka gwada biyu ko uku ka tsaya a kan ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki. Ɗalibai na jiranka a aji.