Halittun Da Ke Kalaci Da Baƙin Mai

Tun muna yara aka koya mana cewa ƙwayoyin cuta abokan gaba ne, a wanke hannu, a tafasa ruwa. Shi ya sa abin ya daɗe yana ɗaure mini kai, wai yau ga ƙananan kamfanoni na kiwon bakteriya kamar masu kiwon kaji, suna sayar wa masana'antu aikinsu.

Mai karatu, ga yadda abin yake. Ruwan da ya fito daga matatar mai ko wurin wanke injuna, da farko sai a bar shi ya kwanta, man ya taso sama a yaɗe shi, don idan ya yi yawa su ma halittun shaƙe su yake yi. Ragowar sai a tura shi cikin tanki, a riƙa hura masa iska, a ɗan zuba sinadarin taki. Nan ƙwayoyin za su hau man nan da ci, su mayar da shi ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ba dare ba rana, ba kuma albashi.

Dabarar ta kwana biyu. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta amince wa Ananda Chakrabarty haƙƙin mallakar wata bakteriya mai cin ɗanyen mai da ya sarrafa. Da jirgin Exxon Valdez ya tsiyayar da mai a Alaska a 1989, taki aka watsa a gaɓar teku don ƙwayoyin da ke wurin su ƙara himma.

Amma fa suna da tsirfa. Gishiri ya yi yawa su yi sanyi, wuta ta ɗauke iska ta tsaya su mutu, dalma kuwa ko kusa ba sa narkar da ita.

Ni abin da ke damuna ba kimiyyar ba ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, a wata rijiya ma an sami sinadarin benzin da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, mutane kuma na sha. To matashin da ya kafa irin wannan kamfani, wa zai saya? Muddin mai masana'anta zai iya buɗe bututu cikin dare ya saki ruwansa rafi kyauta, ban ga abin da zai sa ya ciro kuɗi ya ciyar da ƙwayoyin wani ba.